Baƙin Zazzaɓin Gadarif da Farfesan da Ya Bi Cutar Har Ƙauye

Gadarif rumbun Sudan ce. Daga wannan jiha ta gabas, mai iyaka da Habasha, ake samun kaso mai tsoka na dawa da riɗin da ƙasar ke ci take kuma sayarwa, tun da noman tarakta ya shigo yankin a tsakiyar shekarun 1940. Albarkar a ƙasar wurin take: baƙar laka ce mai riƙe ruwa, wadda da damina takan kame tayar mota ta hana ta motsi, da rani kuma ta tsattsage har hannun mutum ya shige cikin tsagar. Sai dai wannan laka, da dazukan dushe da aduwa da ke tsirowa a kanta, su ne kuma mazaunin wani mitsitsin ƙuda da bai kai sauro girma ba, wanda masana ke kira ƙudan yashi. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar kala-azar. Sunan daga Indiya ya fito, ma'anarsa baƙin zazzaɓi. Ƙwayar, mai suna Leishmania donovani, takan shiga jiki ta cizon ƙudan, ta samu mafaka a cikin ƙwayoyin jinin da aka halitta domin su kashe ta, sannan ta yi sansani a saifa da hanta da ɓargo. Bayan watanni sai a ga yaro da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, yana ramewa cikinsa na kumbura, jini ya ƙare masa. Idan ba a yi magani ba, fiye da 90 cikin 100 na waɗanda cutar ta kwantar mutuwa suke yi. Mafi yawan masu wannan ciwo a Sudan daga ƙauyukan Gadarif suke fitowa, musamman na gaɓar kogin Rahad da kogin Atbara.

Ba a yin zancen kala-azar a Sudan ba tare da an ambaci Farfesa Ahmad Muhammad El Hassan ba, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2022 yana da shekara 92. A jami'o'i an saba auna masani da yawan maƙalun da ya wallafa da yawan waɗanda suka kafa hujja da su, kuma ko da wannan mudu aka auna shi, ya cika ya tumbatsa. Amma a ganina wannan ba shi ne mudun da ya dace da shi ba. Tasirinsa na gaskiya shi ne ya sa aka daina ɗaukar kala-azar ta Sudan a matsayin kwafin ta Indiya, kuma ya yi hakan ne ta hanya mafi wahala: ya kai bincike ƙauyen da cutar take, ya sa aka zauna ana bin mutane ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, ya kuma tarbiyyantar da 'yan ƙasa waɗanda suka ci gaba da aikin bayan ƙarfinsa ya ja baya.

An haife shi a garin Barbar da ke bakin kogin Nilu a 1930. Ya kammala karatun likita a Khartum a 1955, ya yi digirin digirgir a Edinbura a tsakiyar shekarun 1960, ya dawo ya koyar har ya shugabanci tsangayar likitanci ta Jami'ar Khartum. Ya taɓa riƙe muƙamin minista, ya kuma yi shekaru yana koyarwa a Saudiyya. Fanninsa na asali shi ne nazarin yadda cuta ke sauya naman jiki, wato aikin mutumin da ke yanko ɗan siririn nama ya ɗora a gilashi ya duba a madubin likita. Wani zai ce ashe ma ba masanin ƙwayoyin cuta masu zama a jikin mutum ba ne. Haka ne a takarda, amma wannan tushe nasa shi ya ba shi wata tambaya da masu bin ƙuda da masu kiwon ƙwayar a kwalba ba su cika yi ba: me jikin mutum yake yi idan ƙwayar ta shige shi, kuma me ya sa jikin wannan ya danne ta, na wancan kuma ya rushe?

Ba shi ya fara binciken cutar a Sudan ba, kuma bai kamata a ba shi abin da ba nasa ba. Shekara ɗaya bayan Leishman da Donovan sun gano ƙwayar a 1903, wani likita Bature mai suna Sheffield Neave ya tabbatar da ita a Sudan. A shekarun 1940 Robert Kirk da Muhammad Hamad Satti sun gwada allurar Pentostam a kan marasa lafiya a ƙasar, allurar da har yau ba a rabu da ita ba. Amma abin da ya girgiza kowa ya faru ne a 1988, lokacin da aka fara ganin 'yan gudun hijira daga kudu suna mutuwa a gefen Khartum da wani zazzaɓin da ba a gane kansa ba. Da aka bi sawu sai aka tarar da annobar kala-azar a yammacin Nilu ta Sama, cikin yaƙin basasa, inda daga baya likitocin ƙungiyar MSF suka ƙiyasta mutum kusan 100,000 sun mutu tsakanin 1984 da 1994 a yankin da mutanensa ba su wuce 280,000 ba. A wannan lokaci ne El Hassan, yana dab da shekara 60, shekarun da wasu ke shirin ajiye aiki, ya ɗaura ɗamarar da ta zama mafi nauyi a rayuwarsa. A 1993 aka kafa Cibiyar Cututtukan da Suka Yi Kaka-gida a Jami'ar Khartum, shi ne shugabanta na farko.

Kudu fagen yaƙi ce, ba a iya zama a ƙirga komai. Sai hankali ya koma Gadarif, wani ƙauye a bakin Rahad kusa da gandun dajin Dindir, mai suna Um Salala. Mazaunansa Masalit ne da suka yi ƙaura daga Darfur, da yawansu saboda farin shekarun 1980. Tun farkon shekarun 1990 tawagar El Hassan, tare da wani likita ɗan Holan mai suna Ed Zijlstra, ta yi wa mutanen ƙauyen rajista gida-gida, tana komawa a kai a kai ta duba saifa, ta ɗebi jini, ta yi gwajin fata. Gwajin fatar nan sauƙi gare shi: a ɗura ɗan ruwan matacciyar ƙwayar a ƙarƙashin fatar hannu, idan wurin ya tasa bayan kwana biyu ko uku, alama ce jiki ya taɓa haɗuwa da ita ya kuma koyi yaƙarta. Bambancin wannan aiki da zama a asibiti ana jiran marar lafiya babba ne. Asibiti ba ya ganin kowa sai wanda ya kwanta kuma ya samu kuɗin mota. Wanda ya kamu ya warke da kansa, da wanda ya mutu a ɗaka kafin laka ta bushe hanya ta buɗe, duk ba su cikin littafin asibiti. Sai wanda ya san kowa a ƙauye tun yana lafiya ne zai iya cewa cikin mutum dubu nawa suka kamu, nawa suka kwanta, nawa kuma ƙwayar ta shige su ba su ko sani ba.

A nan ne labarin ya shafi Bahaushe kai tsaye. Hausawa sun daɗe a gabashin Sudan. Wasu alhazai ne da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango ba su ƙara gaba ba, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nilu. Suna noma suna su a gaɓar koguna, ciki har da Rahad. Ɗaya daga ƙauyukansu, Mushrau Koka, shi tawagar ta zaɓa ta kwatanta da Um Salala daga Afrilun 1994 zuwa Afrilun 1996, aikin da Eltahir Khalil ya jagoranci wallafa shi a 2002. Abin da aka samu abin mamaki ne. A Um Salala, cikin kowane mutum 1,000 kimanin 20 ne suka kwanta da kala-azar a shekarar farko, a ta biyu suka haura zuwa 38. A ƙauyen Hausawa kuwa, daga 3 ne zuwa ƙasa da 5. Ba wai ƙudan bai cije su ba. A shekarar farko, duk mutum ɗaya da ya kwanta a Mushrau Koka akwai kimanin 11 da ƙwayar ta shige su ba ta kayar da su ba, alhali a Um Salala waɗanda suka kwanta sun ma fi waɗanda suka tsira da lafiyarsu yawa. Kuma a ƙauyukan biyu, cutar ba ta kama kowa ba sai wanda gwajin fatarsa bai tasa ba.

Mai karatu Bahaushe zai so ya ji an ce jininmu ne ya fi ƙarfi. Marubutan ba su faɗi haka ba, kuma wannan kamewa tasu tana cikin abin da ya sa aikin ya yi daraja. Sun ce ba su kai ga tabbataccen dalili ba, suka jero abubuwan da ka iya zama sanadi: yawan haɗuwa da ƙudan, daɗewa a yankin tunda yawancin mutanen Mushrau Koka a nan aka haife su, ingancin abinci, da kuma gado. A ƙasa irin Sudan, inda aka sha zubar da jini a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, kuma Hausawan kansu sun ɗanɗana wannan, kwatanta ƙabila biyu a takardar kimiyya wasa ne da wuta idan mai yin sa ba shi da hankali. Abin da ya biyo baya shi ne aka mayar da zargin gado tambayar da za a iya gwadawa. Muntasir Ibrahim da Hiba Muhammad na cibiyar ta Jami'ar Khartum, tare da masu bincike na Kambirij, suka shiga nazarin ƙwayoyin gado a cikin iyalan da cutar ta yi wa yawa, aikin da ya sa Hiba ta samu lambar yabo ta babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 2007.

Hujja mafi ƙarfi a kan tasirin El Hassan, a wurina, ita ce yadda aka riƙa gano cewa abin da ya yi aiki a Indiya ba lallai ya yi a Gadarif ba. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa akwai wasu ƙuraje da tabbai da ke fesowa a fatar wanda ya warke daga kala-azar, amma ba su cika faruwa ba, sai ga mutum 5 zuwa 10 cikin 100, kuma bayan shekara biyu ko uku. Wannan hoton Indiya ne. A Um Salala sai aka tarar fiye da rabin waɗanda suka warke suna fitar da ƙurajen, yawanci cikin wata shida, suna farawa daga gefen baki su bazu a fuska, kuma galibinsu kan baje da kansu cikin shekara. Wannan ilimi ya sauya aikin likita a aikace, domin ya nuna ba kowane yaro mai ƙuraje ne za a sake ɗaurawa allurar wata biyu ba, sai wanda nasa suka yi tsanani ko suka ƙi tafiya. Nan ne kuma idon masanin nama ya yi rana, don daga ɗan yankin fatar da aka duba aka fahimci cewa ƙurajen faɗa ne tsakanin garkuwar jiki da ke farfaɗowa da ragowar ƙwayar da ta ɓuya a fata.

Haka zancen yake a gwaji da magani. Tsinken gwajin jini na gaggawa da ya yi suna a Indiya, a Sudan ya fi yawan kuskuren cewa marar lafiya ba shi da cutar, shi ya sa ba a yar da tsofaffin hanyoyi ba: zuƙo ruwan kaluluwa a duba, tunda a Sudan kaluluwar masu kala-azar takan kumbura, da gwajin da wani ɗan Sudan, Abdallah el Harith, ya inganta a Amsterdam a 1986. Allurar paromomycin ma, wadda ita kaɗai ta warkar da fiye da 90 cikin 100 a Indiya, da aka gwada ta da adadin da aka yi amfani da shi a Indiya a Kassab da Um el Kher cikin jihar Gadarif, ko rabin marasa lafiya ba ta warkar ba. Da an dogara da sakamakon Indiya an rarraba ta a ƙauyukan Rahad, da yara da dama sun koma gida da cutar a cikinsu. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙarƙashin haɗakar masu bincike na gabashin Afirka da aka kafa a Khartum a 2003, waɗanda Ahmad Mudawi Musa da Khalil suka riƙe ɓangaren Sudan, su suka nuna cewa haɗa paromomycin da tsohuwar allurar Pentostam yana warkarwa cikin kwana 17 maimakon 30. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan haɗi ga gabashin Afirka. Kwana 13 ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Ƙudan ya fi cizo daga Maris zuwa Yuni, marasa lafiya kuma sun fi cika asibiti daga kaka zuwa hunturu, daidai lokacin yankan riɗi da girbin dawa, kuma duk wanda ya san riɗi ya san idan ya bushe ba a yanke ba a ƙasa yake zubewa. Yaro ɗaya a gadon asibiti yana nufin babba ɗaya ya bar gona yana jinya.

To, amma akwai masu ja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa shekara 30 ana bincike a Gadarif, ga cutar nan daram, alhali Bangladesh a 2023 ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta karya lagon kala-azar. Suna ƙarawa da cewa rigakafin da tawagar ta gwada a kan mutum fiye da 2,300, aka wallafa a 2000, bai ba da kariyar da aka sa rai ba. Duka gaskiya ne. Sai dai dalilin bambancin ma daga binciken Gadarif aka san shi. Ƙudan Indiya da Bangladesh a cikin ɗaki da garken shanu yake kwana, don haka feshin bango yana cin sa. Na Gadarif, kamar yadda aikin masanin ƙwari Diya'uddin Elnaiem ya nuna, ɗan waje ne, a tsagar laka da gindin dushe da tsakar gida yake harkarsa, yana cizon mutanen da zafin bazara ya fitar da su kwana a waje. Feshin bangon ɗaki ba zai kai gare shi ba. Sanin cewa wata dabara ba za ta yi aiki ba ya fi kashe kuɗin ƙasa matalauciya a kanta. Rigakafin kuwa, an gwada shi bisa ƙa'ida, aka faɗi sakamakonsa yadda yake ba a yi masa kwalliya ba, kuma har yau babu wata ƙasa da ta samar da rigakafin kala-azar na ɗan'adam. Kawar da cuta aikin hanya ne da asibiti da albashin ma'aikaci da zaman lafiya. Ɗora wa ɗakin bincike alhakin abin da gwamnatoci suka kasa yi ba adalci ba ne.

Wani jan ya fi wannan zafi: kuɗin na Turawa ne, MSF ce ta yi jinyar dubban mutane a Um el Kher da Tabarak Allah, ƙungiyar DNDi ce ta ɗauki nauyin gwajin magunguna, to ina na farfesa a ciki? Ba mai musun cewa ba don waɗannan ba da an yi asarar rayuka masu yawa. Amma kuɗin waje yana zuwa ƙasashe da dama ya koma ba tare da ya bar masani ko ɗaya ba, sai masu ɗebo jini a sa a ƙanƙara a tura Turai. Abin dubawa shi ne sunan wa ke kan gaba a maƙalun. A na Sudan, sunayen Khalil da Musa da Ibrahim ne ke jan ragama, kuma babban bitar da aka wallafa a 2001 a kan nau'o'in wannan cuta a Sudan, El Hassan da Zijlstra ne suka rubuta shi kafaɗa da kafaɗa. Baƙo yakan zo da tambayarsa ne idan bai tarar da mai tambaya a gida ba. A Khartum ya tarar. Wannan darasi ne da ya kamata jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi su yi wa karatun natsuwa, tunda nau'in wannan cuta mai cin fata yana nan a Arewacin Najeriya da Nijar, ga kuma tsargiya da sauran cututtukan da ƙauyukanmu suka saba da su har suka daina kai ƙara.

Tambayar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta mutanen ƙauyen kansu: me suka samu bayan shekarun da aka yi ana ɗibar jininsu? Sun samu ganowa da wuri da magani a lokacin da tawagar ke zuwa, kuma jihar ta samu cibiyar jinya da bincike a garin Doka mai ɗauke da sunan El Hassan, inda aka yi wani ɓangare na gwajin da aka wallafa a 2022, wanda ya nuna cewa ƙwayar sha ta miltefosine haɗe da paromomycin na kwana 14 tana warkar da kimanin 91 cikin 100, ba tare da tsohuwar allurar mai zafi da ke taɓa zuciya ba. Wannan riba ce ta gaske. Amma ba zan ce an biya bashin duka ba. Mutumin da ilimin ya fito daga jikinsa har yanzu yana jiran laka ta bushe kafin ya kai ɗansa asibiti.

El Hassan ya rasu wata biyar kafin yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙin da ya rufe jami'o'in birnin ya tarwatsa malamansu. Dubban ɗaruruwan mutane sun kwararo Gadarif daga Khartum da Jazira da Sinnar, da yawansu ba su taɓa zama a ƙasar ƙudan yashi ba, ga yunwa, ga kwana a fili. Duk wanda ya karanta sakamakon Um Salala da Mushrau Koka ya san abin tsoro a nan, domin waɗanda fatarsu ba ta san ƙwayar ba su ne cutar ta kayar. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da kala-azar daga gabashin Afirka, yankin da a 2022 ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na masu cutar a duniya, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 15. Shirin zai buƙaci sanin abin da ya sa a ƙauye ɗaya, a shekarar farko ta binciken, mutum 11 suka kasance ɗauke da ƙwayar suna yawo lafiya a kan kowane ɗaya da ya kwanta, da kuma ko irin waɗannan suna iya miƙa ta ga ƙudan. Ƙauyen Hausawan bakin Rahad ne ya tayar da tambayar tun 1994, kuma amsarta tana jiran tawagar da za ta iya komawa can ta sake buɗe rajistar gida-gida.